Shekarar da Na Ara wa Turai Numfashi

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san kowannenku ya tsinci wani abu game da zamana a Malesiya shekarun korona, yawanci kuma daga bakin waɗanda ba su je ba. An ce muku uwarku ta tafi jego ta dawo zabiya. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku zancen ba, don a lokacin raina a ɓace yake, daga baya kuma na ga kamar ya wuce. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido sai da tabarau, gara in rubuta da hannuna tun ina iyawa.

Hauwa, autata, ita ce sanadin tafiyar. Mijinta Nasiru yana digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak a Kuala Lumpur, ita kuma ga cikin fari ya tsufa, ba uwa ba yaya a kusa. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya shekara huɗu da rasuwa, ni kuma na ajiye alli bayan shekara talatin a firamare, ba abin da ya ɗaure ni. Wata uku na shirya yi, in yi mata wanka, in dama kunun kanwa, in ga arba'in in juyo. Halima ta zo duniya lafiya, muka yi suna da matan ɗalibai 'yan uwanmu da ke unguwar. Ba a yi mako biyu ba aka rufe ƙasar. Gidan nasu a unguwar Titiwangsa yake, hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falon da bai kai zauren gidanmu ba. Ni da surukina muka yi ta kauce wa juna a wannan ɗan wuri, in ya fito in shige, in na fito ya sunkuyar da kai ya koma kan kwamfutarsa. Don in ba shi sarari sai na mai da baranda ɗakina. Nan nake shimfiɗa darduma, nan nake jijjiga Halima ina kallon tafkin unguwar a ƙasa, babu kowa a bakinsa sai tsuntsaye.

Kowace hantsi wata murya takan taso daga gidan da ke manne da namu. Ba kalmomi, aa-aa ce kawai, tana hawa kamar mai taka tsani, in ta kai inda na ce nan ne ƙarshe sai ta ƙara taki uku.

"Hauwa, wannan baiwar Allah lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Mama, practice take yi. Baturiya ce, mawaƙiya. An ce a ƙasarsu babu wanda bai san ta ba."

"To ina waƙar?"

Katanga ce iya ƙirji tsakanin barandarmu da tata. Wata ranar da la'asar ta leƙo, doguwar mace da ta haura hamsin, gashinta kamar zaren masara, ta gaishe ni da Turanci ta ce jaririyar tana da huhu mai kyau. Sunanta Turid, 'yar ƙasar Norway. Harshena ya ƙi ƙarshen sunan, sai na ce mata Turai, na faɗa mata a wurinmu sunan mata ne, kuma sunan nahiyarsu ne baki ɗaya. Ta yi dariya ta ce nauyin ya yi mata yawa amma ta karɓa.

A bakin katangar nan na ji tarihinta, kaɗan-kaɗan, cikin watanni. A wani tsibiri aka haife ta can arewacin ƙasarsu, inda rana kan yi makonni ba ta fito ba lokacin sanyi. Ubanta masunci ne, uwarta tana gyaran kifi a kamfani, ran Lahadi ta yi waƙa a cocinsu. Tana shekara tara teku ta ci wani jirgin masunta, aka ɗora ta kan akwatin kifi don a hango ta, ta yi waƙa a jana'izar. Daga ranar mutanen tsibirin suka ce muryar nan ba ta zaman gida ba ce. Ta tafi babban birni ta koyi opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ba lasifika, murya ce kaɗai za ta cika zauren. Irin tata, wadda ta fi kowace muryar mata tashi sama, su suna ce mata soprano. Shekara goma tana wannan, ana yaba ta, sai ta ɗauko waƙoƙin matan masunta da ta ji a bakin uwarta, ta haɗa da na zamani irin waɗanda direban tasi ke ji, ta rera su da waccan muryar, makaɗa arba'in a bayanta. Malamanta suka ce ta kai zinariya kasuwar gwanjo. Mawaƙan zamani suka ce muryar ta cika tsafta. Na ce mata a wurinmu wannan shi ne jemage, tsuntsaye sun ce dabba ne, dabbobi sun ce tsuntsu. Ta ce haka ne, amma talakawa ba su tambayi kowa ba, suka cika mata zaure daga ƙasarsu har Jamus da Japan. Ta yi aure sau ɗaya bai daɗe ba, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da shekaru suka fara ja, masu shirya taro suka fi neman yara, sai ta karɓi koyarwa a wata makarantar kiɗa a Kuala Lumpur. Ta sami damar bin jiragen ƙarshe kafin a rufe ƙasar ta ƙi, saboda ɗalibanta, kuma ko ta koma ba za a bar ta ta ga uwarta ba.

Uwar tana gidan kula da tsofaffi, ta kusa casa'in, ruɗewar tsufa ta cinye mata sunaye da fuskoki. Ban ɓoye wa Turai ba, na ce mu ba ma kai iyaye gidan baƙi.

"Na sani," in ji ta. "Na riƙe ta shekara uku a gidana. Ranar da na same ta a kan titi cikin ƙanƙara da rigar barci, tana neman jirgin babana, na san ƙarfina ya ƙare."

Ni dai ban taɓa ɗaukar irin wannan kayan ba. Ta ce abu ɗaya ya rage tsakaninsu. Duk Lahadi ma'aikaciyar jinya takan riƙe wa tsohuwar waya, ita kuma ta rera mata waƙar matan masunta. In magana ta yi, uwar ba ta san ta ba. In ta rera, sai ta ɗago kai ta kira sunanta.

An sassauta kulle, an sake mayarwa, jirage ba su daidaita ba, Hauwa kuma ta yi ta roƙo in ƙara zama. Halima ta fara rarrafe lokacin da cutar ta kama Turai. Ta taga muka ga masu fararen kaya sun sa ta a mota. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti. Da ta dawo sai da aka riƙo ta daga lifta zuwa ƙofa, kuma hantsi ya yi ta zuwa yana wucewa ba mu ji komai ta bangon ba. Na aiki Nasiru Brickfields, unguwar Indiyawa, inda ake samun citta da kanumfari da masoro har da gero. Kullum in dama kunu, in yi farfesun kaza, in rataye mata a ƙofa in ƙwanƙwasa in koma. Sai da ta yi mako uku kafin ta fito baranda. Ranar Lahadi ce, ta zauna a kujera kamar an ajiye wanki.

"Na kira mamata yau," ta ce. "Minti goma ina magana. Ta tambayi ma'aikaciyar wai wace ce wannan matar, me take sayarwa."

"Ki yi mata waƙar mana."

Ta buɗe baki. Kalma uku suka fito, ta huɗun ta tsinke, tari ya biyo baya har sai da ta dafa katanga. Likita ya ce mata huhun yana iya dawowa, yana iya ƙi. Ta ce ita zauren taro ta yafe shi, ta sha tafi ya ishe ta. Tsoronta kada uwarta ta mutu tana ganin 'yarta ta daina zuwa.

A nan sai na faɗa muku abin da ko mahaifinku bai sani sosai ba. Ina kwalejin horon malamai mata ni ce mai ba da waƙa, sauran su amsa. Wata shekara mutanen gidan rediyo suka zo bikin makaranta, suka ji ni, suka ce in zo a ɗauki muryata a shirin yara. Kwana biyu ban ci abinci ba don murna. Baba ya aiko Yaya Sule, babban wanmu, har makaranta da saƙo ɗaya, cewa 'yar gidanmu ba ta shiga akwatin rediyo. Ban yi musu ba, ban kuma riƙe Baba a zuci ba, zamaninsa ke nan. Amma shekara arba'in ban ƙara ɗaga murya ba sai a gaban 'yan aji ɗaya, ko a kunnen jariri.

Kwana kaɗan bayan waccan Lahadin ina jijjiga Halima, ina yi mata waƙar renon da kakata ta yi min, wadda kowannenku ya yi barci da ita. Yi barci 'yar lele, tsuntsu ya koma sheƙa, ruwa ya kwanta a randa, ke ma kwanta. Ban san Turai tana zaune ba sai da ta ce in sake. Na sake. Ta ce kowane layi gajere ne, numfashi ɗaya ya ishe shi. Ta gwada na farko, ƙasa-ƙasa, ta kai ƙarshensa ba ta yi tari ba. Muka dubi juna.

Daga ranar muka buɗe makaranta, kullum bayan la'asar. Ni ina gyara mata harshe, don sheƙa ta yi wata guda tana fitowa sheka. Ita kuma ta sa ni kwanciya a darduma da littafin Nasiru a kan cikina, wai in ja numfashi har littafin ya ɗaga. Hauwa ta tarar da ni a haka ta koma ciki tana dariya har da hawaye. Layi ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Sai Turai ta koya min waƙar uwarta, da yarensu, ta fassara min kowace kalma, don na ce ba na rera abin da ban san ma'anarsa ba. Mace ce a bakin teku tana gaya wa iska ta dawo mata da mijinta, tuwo ya huce. Waƙar tana da dogayen layuka, a ƙarshe kuma akwai wani wuri mai tsawo da ke tashi sama, nan numfashinta yake yankewa kullum. Sai muka yi dabara. Ni ina tafe a ƙasa ita a sama, in ta zo wurin ta saki, ni in riƙe har ta ja iska ta dawo, mai sauraro ba zai ji rami ba.

Wata Lahadi muka jingina waya a kan katanga. Ga tsohuwa a keken guragu, bargo a cinya, idonta yana kallon wani wuri daban. Muka fara. Baiti na farko ba ta motsa ba. A na biyu leɓenta ya fara bin mu. Da muka gama ta matso da fuska jikin wayar ta yi magana, Turai ta rufe baki da hannu, da ƙyar ta iya fassara min.

"Ta ce, Turid ce. Ta ce wace ce tare da ke, muryarta da ɗumi kamar murhu."

Da aka fara buɗe wuraren taro, makarantarsu ta nemi ta yi waƙa a zaure, za a ɗauka a nuna a talabijin ɗin ƙasarsu. Ta ce musu sai ta tambayi maƙwabciyarta. Ta gaya min gaskiya, ba ta yarda da huhunta ba tukuna, in ba na tsaye kusa da ita ba za ta hau ba, kuma in na ƙi ba za ta ga laifina ba. Na kawo maganar cikin gida muna cin abincin rana.

"Mama, ba ki san group ɗin matan nan ba ne," in ji Hauwa. "Kafin ki sauko daga stage hotonki ya isa Kano. Da wane ido zan kalle su?"

Na juya wajen mijinta, ban dube shi ba. "Malam, kai me ka gani?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Mama, malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, ni kuma ba malami ba ne. Abin da na gani da idona, matar nan an shigo da ita a riƙe, yanzu tana hawa bene da ƙafarta. In kin yanke za ki je, ni zan kai ki."

Hauwa ba ta yi ƙarya ba. Tun kafin in yanke shawara zancen ya tsallaka teku, Yaya Sule ya kira ni. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Rakiya, abin da Baba ya hana ki kina budurwa shi za ki yi da furfura? A gaban duniya?"

"Yaya, waƙar reno ce, da ta wata mata mai jiran mijinta. Ba rawa, ba kalmar banza, da hijabina."

"In kin hau, kada ki ƙara kirana."

Na yi istihara kwana uku. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ina yarinya an yanke min hukunci na bi, kuma na yi daidai da na bi. Yanzu na haura sittin, na aurar, na yi takaba, na san abin da zan iya amsawa a gaban Ubangijina da wanda ba zan iya ba. Maƙwabciya ce ta nemi in tallafe ta, abin tallafar kuma Allah ne ya ba ni shi, na binne shi shekara arba'in. Na ce wa Turai zan zo, da sharaɗin a yi da rana, a kuma gama kafin magariba. Ba zan ce muku abin ya zo a banza ba. Yaya Sule shekara biyu bai amsa sallamata ba, har ya kwanta ciwo na je na zauna a bakin gadonsa, muka shirya ba tare da ɗayanmu ya ta da zancen ba. Ƙungiyar matan unguwarmu ta gida da na shugabanta shekara tara suka zaɓi wata tun ban dawo ba. Ke kuma Hadiza, na san abin da kika sha a wurin dangin mijinki, habaici a gidan biki da gidan suna. Ban taɓa ba ki haƙuri ba, yau ina ba ki.

Ranar taron kujeru a rarrabe suke, kowa da takunkumi, ido kawai ake gani. Na leƙa ta bayan labule na hango Nasiru da Hauwa da Halima a cinya, a bayansu kuma hijabai bakwai a jere, matan ɗaliban nan 'yan uwanmu, bayan duk cacar bakin da aka sha a waya. Turai ta fara ita kaɗai da wata waƙar opera. Ina tsaye ina ƙirga mata numfashi kamar mai jiran naƙuda. Ta wuce lafiya. Sai ta gaya wa jama'a cewa bara ta ɗauka ta gama waƙa har abada, maƙwabciyarta ce ta ciyar da ita kunu ta kuma ara mata numfashi, ta kira sunana. Na fito, hasken fitilu ya rufe min kowa. Muka ɗauki waƙar uwarta, ita a sama ni a ƙasa, makaɗa suna biye. Da muka doshi wurin nan mai tsawo na cika ƙirji na shirya karɓa, yadda muka yi sau ba adadi. Sai na ji ta damƙe hannuna. Ba ta saki waƙar ba. Muryar ta tashi, ta miƙe, ta ci gaba da tafiya, ni kuwa na rufe bakina na bar mata fili. Ta kai shi har ƙarshe ita kaɗai, ta sauke a hankali kamar mai ajiye tulu cike da ruwa. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Ba ta jira tafin ya lafa ba ta yi wa makaɗa alama su yi shiru, ta ja da baya taki ɗaya, ta ce min a kunne yanzu nawa ne. Na yi waƙar kakata da Hausa, da dukan muryar da Allah ya ba ni, ita tana amsa min ƙasa-ƙasa. Ban san muryata ta kai haka ba. Na ji ta ta bugi bangon ƙarshe ta dawo min.

Turai ta koma gida da aka buɗe hanya, ta tarar da uwarta da rai, ta yi mata waƙa a bakin gado wata biyar kafin ta rasu. Zaurukan da suka manta da ita suka sake nemanta, ta yi shekaru tana cika su, kuma har yau duk sallah sai ta kira ta ce min barka da shan ruwa, ko babbar sallah ce.

Amma ranar taron nan, da muka fito harabar zauren, wata daga cikin matan bakwai ta tsaya a gefe har aka ragu. Maman Abba ce, wadda ta fi kowa zafin rubutu a kaina, har da cewa tsufa bai zo wa wasu da hankali ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin hijabinta.

"Hajiya, yarana uku duk a nan na haife su. In na yi musu Hausa, da Turanci suke amsawa. Da kina yi ɗazu na tuna ban taɓa yi wa ko ɗaya waƙar reno ba, ban ma iya ba. Ko za ki rubuta min kalmomin?"

Na karɓi biro a hannun Nasiru na rubuta mata a bayan takardar taron, da rubutun allo mai kyau. Na ce mata takarda ba ta koyar da murya, ta kawo su ran Asabar bayan la'asar. Ta kawo su, ta zo da maƙwabciyarta da nata biyun, barandar ba ta ɗauke mu ba sai da muka koma falo, Nasiru ya kwashi kwamfutarsa ya ba mu wuri.